Farashi Na Uku

Ba na tsallaka gotar bayan gidanmu ta kan katako. Zagayawa nake yi ta bakin masallaci, in bi ta wajen masu gawayi, sannan in fito titi, tafiyar da ta ninka ta katakon sau uku. Mutanen layinmu sun ɗauka ciwon gwiwa ne, har akwai mai kawo mini man shafawa. Na bar su a haka, don ya fi mini sauƙi da in buɗe baki.

Gota muke ce mata a Zangon Kumasi, abin da mutanen Kano ke kira kwata. Amma tamu ba irin ƙaramar nan ba ce da kaza ke tsallakewa. Zurfinta ya kai ƙirjin babban mutum, bakinta a buɗe yake tun kafin a haife ni, ta ratsa layinmu daga sama har ƙasa. Da rani baƙin ruwa ne kwance, da leda, da sauron da ba ya jin hayaƙi. Da damina kuwa duk ruwan da ya sauka a tudun kasuwa ta nan yake bi, da gudu da ƙara. Gidaje shida ne ƙofarsu ke kallonta kai tsaye, kowanne da katakonsa na tsallakawa. Na farko a cikinsu gidan Gwaggo ne, yayar babana.

Gwaggo goro take sayarwa a kasuwar Alabar, tun ina goye. Duk wanda ya san kasuwar goro a lokacin ya san ta, kuma ya san ba a cin ta a ciniki. Ko allura ba ta taɓa saya a kuɗin da aka fara faɗa mata ba. Na taɓa raka ta sayen huhun goro wajen wani manomi ɗan Asante, tun hantsi har azahar suna abu ɗaya. Sau biyu ta tashi ta kaɗe zani ta kama hanya, sau biyu ya aiko a kira ta. A mota ta ce mini, mai kaya baki uku gare shi: na farko na baƙo ne, na biyu na mai sauri, na uku shi ne gaskiyarsa. Ta kuma ce in kina son abu, kada ki bari fuskarki ta sani. Mu duka haka aka tarbiyyantar da mu a layin nan, sai dai ita ce malamar.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar mata, kafinta ne a unguwar Anloga, shi ke kawo mata sabon katako duk farkon damina. Shi kuma yana da 'yarsa guda da aka sa wa sunan Gwaggo, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan, sai dai a ce ƙaramar Gwaggo. Kan tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, faɗa kuma ba sa fashi.

A shekarar da nake magana ina zaune ba aikin yi, da takardar sakandare a ƙasan akwati, ina taya mahaifiyata tsaron shago. Sai asambuliman ɗinmu, wato kansilan unguwa, ya aiko cewa wasu masu bincike daga wata jami'a na neman mata masu jin Hausa da Turanci da Tonanci, harshen mutanen Asante, waɗanda za su iya shiga gidaje. Na je, aka ɗauke ni. Kwana uku aka yi ana koya mana aikin a wani ajin makaranta da aka ara.

Shugabar aikin wata mata ce 'yar Asante, siririya, mai gilashi, Madam muke ce mata. Ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba, mace ce mai ladabi, takan cire takalmi kafin ta taka tabarmar mutum. Ta yi mana bayani da kyau. Ta ce akwai abubuwan da ba a kasa su a kasuwa, kamar iska mai kyau, ko unguwa marar wari, ko gotar da aka rufe. Tunda ba a sayar da su, ba wanda ya san darajarsu a wurin talaka, sai an tambaye shi. Ta ce wata ƙungiya ta ware kuɗin gyara da rufe babbar gota guda ɗaya tak, unguwanni uku kuma ke nema, tamu na ciki. Abin da muka tattaro yana cikin abubuwan da za a duba kafin a zaɓa.

Tambayar kanta gajera ce. A nuna wa mai gida hoto biyu, gota yadda take, da gota an rufe ta da siminti mutane na tafiya a kai. Sai a ce, in da za a yi wannan, za ka yarda ka riƙa ba da sidi goma duk wata? In ya ce e, a tambaye shi ashirin. In ya ce a'a, a tambaye shi biyar. Shi ke nan. Madam ta ɗaga yatsu biyu a gabanmu ta ce, biyu ne kawai, babu na uku. Ta maimaita har sai da muka amsa mata kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce kada mu tura mutum ga wata amsa, amma duk abin da muka gani da bai yi mana daidai ba, mu same ta da yamma mu faɗa. Da kunnena na ji wannan, ina zaune a bencin gaba.

Aka ba mu riga mai tambari da ƙaramar na'ura irin ta shafawa da yatsa. Ni kuwa don in nuna rigar, gidan Gwaggo na fara shiga.

Na same ta a tsakar gida tana yayyafa wa goro ruwa, tana tsince masu tsutsa. Ƙaramar tana manne da bayanta tana wasa da ganyen fita. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

“A'a, yau 'yar boko ce a gidanmu da kayan gwamnati? To zauna, kada mu shiga uku.”

Na karanta mata gabatarwa, na nuna mata hoton farko. Ta ce wannan ai ba sai an nuna mata ba, hancinta ya haddace shi. Na juyo na biyu. Ta goge hannu a zani, ta karɓi na'urar ta matso da ita kusa da ido. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan simintin hoton ta ce, a hankali, “Wato mutum ya fito ƙofarsa ya taka ƙasa kawai.” Ƙaramar ta leƙo ta kafaɗarta ta ce ita a nan za ta riƙa yin 'yar gala-gala.

Na ga fuskar Gwaggo a lokacin, na kuma ga sa'ad da ta rufe ta. Ta miƙo mini na'urar, ta ɗauki goro ɗaya tana jujjuyawa kamar zancen bai dame ta ba.

“To nawa suka ce?”

“Sidi goma a wata, Gwaggo.”

“Goma? Da zinariya za su shafe ta? A'a.”

Na danna a'a. Tambaya ta biyu ta fito, na karanta. “To biyar fa?”

Ta ajiye goron. Idonta ya yi wannan ƙyallin da na sani tun ina yarinya. “Kin gani ko? Ban ma gyara zama ba sun zaftare rabi. Wanda ya sauko daga goma zuwa biyar da kalma ɗaya, ai biyu ce a cikinsa. Ki ce a'a.”

Dariya na yi, wallahi dariya na yi, har da riƙe ciki. Na danna a'a, na'urar ta wuce ta soma tambayar rufin gida kwano ne ko ciyawa, mutum nawa ke kwana a ɗaki, akwai rediyo. Gwaggo ta gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ta ce wannan ma ta san shi, mai kaya ne ya juya baya yana kallon wani wuri don a ɗauka ya haƙura. Da zan fita ta ba ni goro biyu farare, ta ce in kai wa Madam ɗina, in gaya mata ta dawo da magana mai daɗi, za a daidaita.

Na ce, “To, Gwaggo.”

A nan ne ya kamata in tsaya a bakin ƙofa in ce mata, Gwaggo, ba kasuwa ba ce, ba mai dawowa. Kalma nawa ce? Na tsallaka katakon na shiga gida na gaba.

Kafin la'asar labari ya gama layin. A bakin famfo Gwaggo ta faɗa wa mata, mai sayar da shinkafa da wake ta faɗa wa masu cin abincinta, maza suka kai shi ƙofar masallaci: in ka ƙi, ragewa suke yi, a riƙe wuta. Washegari tun ban gama karanta tambaya ba ake ce mini a'a. Wani tela har ido ya kashe mini. Wata tsohuwa da zazzaɓi ya kwantar da jikokinta biyu a satin nan ta ce a'a sau biyu, sannan ta kama hannuna ta ce don Allah in sun dawo in fara kawo su wurinta. Mutum ɗaya ne a duk gidajen da na shiga ya ce e ga goma ya kuma ce e ga ashirin, wani dattijo mai gyaran agogo. Sati guda ana yi masa tsiya, ana ce masa baƙon kasuwa, wai shi zai tsadar wa jama'a da kaya.

Na sha tambayar kaina abin da ya rufe mini baki. Akwai tsoron Gwaggo, don ba a haifi wanda zai gyara mata ciniki ba, balle 'yar ƙaninta. Akwai tsoron kada Madam ta ce na ɓata aiki ta soke gidajena ta sallame ni, ga shi na fara jin daɗin a gan ni da riga. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan muni: abin ya burge ni. Ina jin wani alfahari cewa mutanena sun fi ƙarfin na'urar Bature. Can ƙasan zuciyata kuma ban yarda za a rufe wata gota ba. An sha zuwa a ƙirga mu, a ƙirga banɗakunanmu, a ɗauki hoton yaranmu a bakin shara, a tafi. Na ɗauka wannan ma hakan ne, to me ya yi zafi?

A ƙarshen kowace hira akwai tambaya ɗaya da ba ta mai gida ba ce, tawa ce: a ganinki, wanda kika tambaya ya fahimci abin da ake nufi? Gida bayan gida na danna e.

Madam ba makauniya ba ce. Ranar Asabar ta zo layin da kanta. Muka tsaya a bakin gotar daidai ƙofar Gwaggo, rana ta take, warin ya taso har sai da ta yi tari, amma ba ta toshe hanci ba. Ta ce da ni da Turanci, abin ya ɗaure mata kai. A sauran unguwanni biyun mutane da yawa sun yarda da goma, a nan kuwa inda gotar ta fi muni kusan kowa ya ƙi ko da biyar. Sai ta tambaye ni, a tausashe, ko ina ganin mutanena sun gane tambayar.

Ni dai ina da zuciya, duk danginmu sun sani. Ban ji tausasawar ba, “mutanenki” kawai na ji. Duk maganganun da na taɓa ji a trotro, motar hayarmu, da asibiti suka taso mini, cewa 'yan zango ba su san tsafta ba, 'yan zango ba su yi makaranta ba. Na ɗaga murya na ce mata sun gane sarai. Na ce mutanenmu sun yi fataucin goro daga nan har Kano tun ba a san hanyar mota ba, ba lissafin sidi biyar ne zai gagare su ba. Ta ba ni haƙuri har sau biyu. Ta ce ba haka take nufi ba, ta gode da na fayyace mata. Ta rubuta wani abu a littafinta, muka wuce.

Ita ta kawo mini ƙofar har gabana ta buɗe, ni na rufe da ƙafa. Ranar har labarin na ba mahaifiyata, ina taƙama na wanke wa zango fuska.

Aiki ya ƙare, aka karɓi riguna. Damina ta zo ta wuce. Duk Juma'a in na je gaishe da Gwaggo, bayan an gama tambayar gida da gajiya, sai ta ce, “Mutanenki ba su aiko ba?” In ce tukuna. Ta ce ba komai, mai kaya mai taurin kai ne, ta ga irinsa.

Shekara ta zagayo sai muka ji an fara aiki a ɗaya daga cikin unguwannin can, hayin babban titi. Gwaggo ta yafa gyale ta je ta gani da idonta. Ta dawo tana ba da labarin faffaɗan siminti da aka jera, mata har sun kasa tumatir a kai. Ta ce dabara ce, a sayar wa wani a gabanki don ranki ya biya ki ƙara. Amma a wannan karon ba ta kalle ni ba da take faɗa, kuma goron da ke hannunta ba ta ɓare shi ba har na tashi. Daga baya matar ɗanta ta gaya mini Gwaggo ta ce in sun dawo ko talatin suka ce za ta biya, ta kuma biya wa maƙwabta biyu da ba su da hali.

Damina ta biyu, ranar wata Talata, aka yi ruwa bayan azahar. Ba wani ruwan kirki ba ne a wajenmu, kafin la'asar ya ɗauke, rana ma ta fito. Amma a tudu an yi shi sosai, kuma ruwan gotarmu bayan an ɗauke yake isowa. An tashi yara daga Islamiyya, ƙaramar Gwaggo ta taho da sauran, shekararta shida. Taku huɗu ne daga wannan baki zuwa ƙofar gidansu. Yaran da ke bayanta sun ce ruwan ya riga ya shafi katakon, ta cire silifa ta riƙe a hannu kamar yadda kakarta ta koya mata, ta taka.

Ina shago na ji ihun. Maza suka bi gotar da gora da igiya har inda ta shige ƙarƙashin titi. Sai washegari da safe aka same ta, can nesa inda ruwan ke haɗuwa da rafi. Ubanta da kansa ya ɗauko ta. Katakon nasa ne, sabo, ko wata biyu bai yi ba, kuma bai karye ba. Har yau in ya gan ni yakan gaishe ni da fara'a, ya tambayi gwiwata.

Bayan sadakar bakwai na nemo lambar Madam na kira ta. Na gaya mata abin da ya faru, sannan na gaya mata na gidan Gwaggo, da famfo, da mai gyaran agogo, duka. Ta saurara har na gama. Sai ta ce in daina ɗaukar abin a kaina ni kaɗai, ba takardarsu kaɗai aka duba ba, akwai maganar injiniyoyi da ta fili da ta siyasa. Na ce mata, amma an duba? Ta ce an duba. Ta ce ita a rahotonta ta rubuta cewa mai yiwuwa talauci ne ya hana mutanen layinmu amsawa, ko kuma sun saba da gotar har ta daina damunsu. Ta ce da ta sani, da ta sake tambayar ta wata hanya, abu ne na kwana biyu. Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni.

Sun saba da ita har ta daina damunsu. Wannan magana tana nan a rubuce a wani ofis da ban sani ba, a kan Gwaggo, kuma da yatsana aka rubuta ta.

Gwaggo ba ta sake zuwa Alabar ba. Ta bar wa wata ƙanwar kasuwarta rumfar, ta koma zaman ɗaki, ta sa aka toshe ƙofar da ke kallon gota aka fasa wata ta baya. Mutane na zuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, tana cewa haka ne. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta daina tambayata ko an aiko.

Kwana biyu bayan addu'ar arba'in ta aika a kira ni. Da hantsi ne, gidan ba kowa, ta sa na rufo ƙofa. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta nuna mini gefen tabarma na zauna.

“Ɗiyata, tambaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini.”

“To, Gwaggo.”

“Ni jahila ce, kasuwa kawai na sani. Abin da na iya shi na yi, kuma ni na ja layin nan duka suka bi ni. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kullum ina gaya masa. Amma ke kin zauna da su, kin ji harshensu.” Ta ɗago ta dube ni. “Ranar da kika zo nan da rigar nan, kin san ba za su dawo ba?”

Ina jin kaji a tsakar gida, da injin niƙa can ƙarshen layi. Tana kallona, ba da idon ciniki ba, wannan idon ya tafi. Na sani in na faɗi gaskiya ba za ta daka mini tsawa ba, ba za ta tsine mini ba. Za ta ce to, ta juya fuska bango, in rasa ta ke nan, ita kuma ta rasa ni a kan wadda ta riga ta rasa. Haka na gaya wa kaina a lokacin, cewa don ita nake yi. Yau na san rabinsa don kaina ne.

Na ce, “Ban sani ba, Gwaggo. Mu ma ba su gaya mana ba.”

Ta lumshe ido, ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta lalubo hannuna ta riƙe da hannu biyu.

“Alhamdu lillahi. Kwana arba'in ina tsoron tambayarki. Na ce in yarinyar nan ta sani ta yi shiru, ban san yadda zan yi in yafe mata ba, ga shi kuma ba na son in mutu da riƙon jinina.” Ta shafa kaina. “Sun cuce mu ni da ke. Allah Ya yi miki albarka.”

Na ce amin.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Ni ke kai mata koko da safe, ni ke yanke mata farce, kowa a dangi na yabona. Sau da yawa na shiga ɗakin da niyyar faɗa, sai ta tarbe ni da addu'a, in ajiye kwano in fito. Da ciwon ajali ya kama ta, ta tara matan gidan ta bar wasiyya ɗaya: in ta cika, kada a kira kowa daga waje, ni ce zan yi mata wanka, don ni ce ba ta taɓa samu da ƙarya ba.

Ta rasu ranar wata Lahadi da safe. Aka ɗora ruwa, aka kawo sabulu da turare da likkafani, mata suka fita suka ja mana labule. Na naɗe hannun rigata na yi mata.